Kwamfutar da Aka Hana Taɓawa

"Wane ne ya rufe min hanya?" Barkono ya buga tebur har kofin shayi ya kife. Ba a banza aka laƙaba wa injiniyan wannan suna ba.

Likitar ƙwaƙwalwa tana tsaye a kansa. Can a ƙaramin reshen asibitin, tafiyar awa uku, wani birkila ya faɗo daga bene, an ɗauki hoton kansa, hoton kuma yana cikin kwamfutar reshen. Sai Likita ta gani daga nan za ta ce a taho da shi ko kada a motsa shi. Motar asibiti tana jira a kunne.

Barkono ne ya shimfiɗa hanyar da hannunsa. Katangar tsaron kwamfutocin reshen ba ta barin kowa ya shiga ta intanet daga waje, shi ya sa ya ajiye wata kwamfuta a tsakani, wadda suke kira Dillaliya. Ta reshen ta miƙo mata hannu, ta nan ma ta miƙa, ita kuma ta haɗa su. Yau ga Dillaliya garau, amma allon Likita baƙi ƙirin.

Ya kira mai kula da katangar, ko sallama babu.

"Kai ne ko? Kullum sai ka yi mana shisshigi!"

"Yallaɓai, wallahi ban taɓa komai ba. Duba, ƙofarka a buɗe take."

Ya duba. A buɗe take kuwa, abin da ya ƙara tunzura shi ke nan. Ya zagi kamfanin intanet, ya kashe Dillaliya ya kunna, gumi yana ɗiga a kan madannai.

"Minti ashirin ke nan," in ji Likita. "Mutum ne fa kwance, ba na'ura ba."

Sai a lokacin ya kira Sista, babbar nas ɗin reshen.

"Kwamfutar nan tana kunne kuwa, ko kun kashe ta kamar yadda kuka saba?"

"Tana kunne, ranka ya daɗe."

"To me ke kan allon?"

"Wani ɗan akwati ne. An rubuta wai wani yana son shiga, a danna amincewa ko a ƙi."

Barkono ya miƙe zumbur. "Tun yaushe?"

"Tun kiran Likita na farko."

"Kina kallo? Haba! Yatsa ɗaya fa, Sista! Me ya hana ki dannawa?"

Da ta buɗe baki, muryarta a sanyaye take, amma da jin ta ka san maganar ta daɗe tana cin ta.

"Watan jiya na matsar da linzamin kwamfutar don in goge tebur. A gaban marasa lafiya ka ce min jahila, ni da na yi jika. Ka manna takarda da jan biro: kada kowa ya taɓa, ko me ya gani. Ga ta nan ina kallo. In taɓa?"

Shi ne ya saka akwatin amincewar, shi ne kuma ya rubuta takardar. Kunya ta rufe shi.

"Danna, Hajiya," ya ce. "Don Allah."

Allon ya kawo haske. Likita ta ture shi gefe, ta ƙura wa hoton ido, ta fizge wayar daga hannunsa.

"Jini ne ya taru. Ku taho da shi yanzu-yanzu!"

Da ta mayar masa da wayar, Sista ba ta kashe ba.

"Takardar fa?" ta ce.

"Yage ta."

"A'a. Wanda ya manna ta, shi zai zo ya cire."