Jan Ƙuda a Hular Fergus

Ranar da aka buɗe kamun kifi, ƙanƙara ba ta gama narkewa a kan duwatsu ba, amma Murdo ya riga kowa shiga rafi. Ruwa har gwiwa, sanyi kamar zai tsinke masa ƙafa. Tun safe yake wurga fatsa, yana ta canza ƙudajen ƙarya na yaudarar kifi, duk 'yan kanti masu tsada daga Edinburgh. Ko kifi ɗaya bai kula shi ba.

Can ƙasa kuwa maƙwabcinsa Fergus, gwauron da ko wurgin kirki bai iya ba, sai ciro kifin turawut yake yana saki. Da ya gaji, ya yi abin da kowa ke yi da ƙudan da ya yi kamu: ya soke shi a jikin hula.

"Murdo, wanka ka zo yi ne?" in ji shi. "Da ka faɗa na taho maka da sabulu."

Murdo ya matso zai rama, sai idonsa ya sauka kan hular. Ƙudan na gashin makwarwa ne, an naɗe da jan ulu, ragowar zaren rigar sanyin da ke jikin Murdo yanzu haka. Ɗaurin matarsa Ishbel ne. Kishi ya turnuƙe shi, ya naɗe zarensa ya yi gida ko sallama babu.

Ya tarar da ita tana haɗa shayi.

"Wa ya ba Fergus ƙudan nan?"

"Ni. Roƙa ya yi."

"Wato yanzu kowane gwauro sai ya yi yawo da aikin hannunki a ka, gari na kallo?"

"Tsoho, laluba aljihunka na hagu."

Ya laluba, ya ciro ƙaramin gwangwani. Jajayen ƙudaje ne cike, na ƙasan har ƙugiyarsu ta yi tsatsa. Babu ɗayansu da ya taɓa ganin ruwa.

"Duk shekara sai na ƙara maka," in ji ta. "Ka ce wasan mata ne. Shi guda ɗaya na ba shi bara, ya tako har nan ya ba ni labarin yadda kifi ya cafke shi."

Fergus ya zo wucewa ta bakin taga yana fito, ya ɗaga wa Ishbel hula. Ta yi masa murmushin da Murdo ya daɗe bai gani ba.