Gefen da Aka Datse

Tun da likita ya ce abin da ya tafi na ganin Inna ba zai dawo ba, sauran ma tafiya yake a hankali, Auta ta sa wa ranta abu guda: sai Inna ta ƙara ganin fuskar Baba kafin duhu ya rufe.

Hotunan marigayin na takarda ba su da yawa, kuma a cikinsu duka ya ɗaure fuska kamar wanda aka kai ƙara. Wuri ɗaya ne yake Baba na gaske, wani ɗan gajeren bidiyo da ke cikin memorin wayar Auta. A shagonsa na kafinta aka ɗauka, yana zaune a kan benci, fensir a bayan kunne, garin katako a gemu, yana dariya har da buga cinya. Matsalar ita ce wanda ya ba shi dariyar. Baffa ne, ƙaninsa, zaune kafaɗa da kafaɗa da shi. Da wayarsa ma aka ɗauki bidiyon, daga ita aka tura wa Auta tun ana zaman lafiya.

Inna kuwa ta rufe babin Baffa. Lokacin da Baba yake kwance a asibiti, Baffa ya je shago ya kwashe zarto da injin gogar katako ya kai gidansa, wai kada ɓarayi su fasa. Inna ta ce wannan rabon gado ne da ran mutum. Duk sanda Auta ta matso da waya sai ta kau da kai, ta ce ɗan ganin da ya rage mata ba za ta ɓata shi a kan wannan fuskar ba. In ana so ta kalla, a fitar da shi.

Shagon mai gyaran kwamfuta yana saman wani bene, ana hawa ta matakalar ƙarfe mai girgiza. Kowa Injiniya yake ce masa. Auta ta daɗe tsaye a bakin ƙofa tana murɗa gefen mayafi, da ta yi magana kuma sai da ya rage fanka kafin ya ji ta. Ya ce aikin ba komai ba ne, shan ruwa ma ya fi shi wuya. Ya zare memorin ya sa a kwamfutarsa, ya zana akwati a kan hoton, ya riƙa jawo gefen dama a hankali. Baffa ya fara ɓacewa: hula, kunci, kafaɗa. Sai yatsunsa huɗu da suka rage a kan wuyan rigar Baba.

Auta ta nuna yatsun.

“Ƙanwata, in na ƙara ja, sai dai in yi wa tsohonki aski,” in ji Injiniya. “Kunne da fensir za su tafi.”

Ta ce a bar su. Muryar Baffa ma ya ce ba za ta fitu ba, a cuɗe take da dariyar, in ya cire ɗaya sai ɗayar ta bi ta. Ta haƙura. Da ya gama ya kunna mata, ga Baba shi kaɗai ya cika fuskar kwamfuta, ya karkata gefe yana yi wa bango dariya.

Injiniya ya ce memorin ya cika, sabon ba zai shiga ba sai an goge wani abu. Ya tambaya ko ya goge tsohon. Auta ta tuna yadda Inna take kau da kai. Ta ce ya goge.

A gida wayarta ta ƙi buɗe sabon bidiyon, sai wani rubutu take fitarwa ta koma baya. Auta ba ta damu sosai ba, don ta san idon Inna ya fi son babban allo. Ta je ta aro kwamfutar mijin yayarta, ta ɗora a kan tire a gaban gadon Inna, ta ja labule. Inna ta gyara zama, ta goge ido da bakin zane. Auta ta danna. Fuskar kwamfutar ta yi baƙi ƙirin, sai murya kawai: Baffa yana ba da labarin wani mai kujera da ya zauna a kan ƙusa, Baba yana shiƙewa da dariya.

Inna ta saurara har ya ƙare. Sai ta tambaya a hankali ko idonta ne ya ida mutuwa.

Auta ta rantse mata ba ido ba ne, ita ma ba ta ga komai ba. Inna ta ce to, aka cire wanda ake so, aka bar mata bakin wancan. Ta juya ta fuskanci bango.

Daga nan Auta ta shiga yawo da memori ƙulle a gefen mayafi. A kantin magani na bakin titi, matar da ke sayarwa ta sa a tata kwamfutar: hoto ya fito, amma kore shar, Baba yana motsi yana tsayawa kamar mai sanɗa, kuma babu sauti. A wurin mai buga takardu kwamfutar ta yi tsaye cik, sai da ya kashe ta daga bango, ya miƙo mata memorin da yatsu biyu yana cewa ta sa wa kwamfutarsa ciwo. Mijin yayarta ya ce wata manhaja ce babu, ya sauko da ita, abin bai canza ba. An gudu ba a tsira ba.

Ta koma saman bene. Injiniya ya sa, bidiyo ya tashi sumul, da hoto da murya. Ya buɗe hannu ya ce ai ga shi, laifin kwamfutocin mutane ne, duk sun tsufa. Ya ce ta kawo tsohuwar ta kalla a nan mana. Auta ta dubi matakalar ta taga. Inna da ko dokin ƙofa sai an riƙe ta.

Ya ce to zai juya shi zuwa irin da kowace kwamfuta take ci. Ya juya. Wannan karon ya buɗe a ko'ina, har a wayarta. Amma dama ɗan yanki ne aka datso aka buɗa shi ya cika allo, juyin kuma ya ƙara cinye shi. Fuskar Baba ta zama kamar zanen da ruwa ya taɓa. Auta mai lafiyar ido ma sai ta ƙura kafin ta raba gemu da riga. Inna ta kai hancinta har jikin gilashin, ta daɗe, ta ce ita hazo kawai take gani yana rawa.

Auta ta tambayi Injiniya ko tsohon yana nan a kwamfutarsa. Ya sosa ƙeya ya ce shi ba ya ajiye kayan mutane, yana gama aiki yake sharewa, kuma ai da bakinta ta ce a goge. Ba ta musa ba. Da na sani ƙeya ce. Ta sauko tana riƙe ƙarfe, ta tsaya a gindin benen har wani mai facin taya da ke wurin ya tambaye ta ko lafiya.

Wuri ɗaya ya rage, kuma tun rasuwar ba ta taka shi ba.

Ta samu Baffa a tsakar gida, ya rame, furfura ta cinye masa gemu. A gefe ga injin gogar katakon Baba an lulluɓe shi da leda, an danne da duwatsu, ko ƙura ba a bari ta hau ba. Ta durƙusa ta gaishe shi. Ya amsa yana kiranta uwata, kamar yadda ya saba. Da ƙyar ta haɗa maganar, amma ba ta faɗi abin da ta sa aka yi masa a bidiyon ba. Ya ce bidiyon yana nan a wayarsa, kullum sai ya kalla. Shi dai bai iya turawa ba, ɗansa ne ya tura wancan karon, kuma ya yi tafiya. Ya zaro wayar gaba ɗaya ya sa mata a hannu.

“Kai mata. Kada ki ce tawa ce.”

Auta ba ta ƙara yarda da wata kwamfuta ba. Ta zauna a bakin gado, ta ƙure hasken wayar, ta ce wa Inna an samo wani mai kyau. Inna ba ta tambayi daga ina ba. Ta karɓa da hannu biyu, ta kusanto da ita. Ga su nan su biyu a kan benci, garau, goshi iri ɗaya, gemu iri ɗaya. Dariyar ta cika ɗakin.

Inna ta karkata kai tana neman gefen idon da ya rage. Can fuskarta ta saki. Ta ɗaga yatsa ta ɗora a kan gilashin, a hannun dama, tana shafa kuncin Baffa.

“Ga shi nan,” ta ce. “Ko kaɗan bai canza ba.”

Auta ta buɗe baki za ta ce ba shi ba ne. Ta dubi Baba a gefen hagu, da fensirinsa a bayan kunne, yana dariya babu mai kallonsa. Ta dubi hawayen da ke bin kuncin Inna.

Bidiyon ya ƙare. Inna ta ce a sake sa mata. Auta ta sake.