Haƙorin Makkan Hajiya Laraba

Shekara uku ke nan da Hajiya Laraba, mai sayar da atamfa a cikin birnin Daura, ta sauke farali, amma har yau ba ta gaji da haƙorin Makkanta ba. Ko abin dariyar bai kai ya kawo ba, sai ta dara, don dai zinariyar nan ta sha iska. Marigayi maigidanta ne ya zaɓa mata shi a waccan tafiyar, saboda haka ba wanda ke ganin laifinta.

Son ne ma ya yi yawa. Kullum takan bi haƙoranta da asuwaki ɗaya bayan ɗaya, in ta zo kan na Makka sai ta tsallake, wai kada itace ya kankare masa ƙyalli. Ai ƙarfe ne, in ji ta, me zai ci ƙarfe?

Sai dasashi ya kumbura, ya fara jini. Ta yi ta fama da ruwan gishiri da kanumfari, shiru. Ranar da tuwo ya gagari tauna, ta yafa mayafi ta nufi asibitin da Mardiyya, 'yar ƙanenta, ke aiki a ɓangaren haƙori.

Mardiyya ta haska fitila, ta kankaro wani dasƙararren abu rawaya daga gindin haƙorin, ta nuna mata.

"Gwaggo, ƙwayoyin cuta ba ƙarfen suke ci ba, zama suke yi a kansa. Miyau ya shafa masa yauƙi, su manne, su hayayyafa, sannan su gangara kan naman da ke riƙe da shi. Ke kuma kin ba su masauki, ba mai korarsu."

"To, cire shi za ku yi?" Gaban Hajiya ya faɗi, don ta fi tsoron wannan a kan ciwon.

Mardiyya ta taɓa haƙorin da yatsa, ta ji bai ko motsa ba. Ta zauna ta wanke shi tas, Hajiya na runtse ido tana salati.

"Yana nan daram, Gwaggo. Amma daga yau da shi za ki fara, safe da yamma."

Daɗi ya cika Hajiya har da 'yar ƙwalla. Ta karɓi madubi, ta daɗe tana kallo.

"Ikon Allah! Mardiyya, ashe haka launinsa yake? Wallahi na manta."