Wayar Malam Gazali

Kwanana hamsin da biyu cikin takaba Samira ta faɗo tsakar gida da ordinatarta, wato kwamfuta, a hannu, ko takalmi ba ta tsaya cirewa ba. Samira ita ce autata. Tana aikin ofis a wani biro a Maradi, ta ɗauki hutu ta zo Tasawa ta zauna da ni.

"Inna, sunan yana nan! Ba wanda ya kama shi!"

"Wane suna?"

"Wanda Baba ke so. Ayar Gazali. Na duba, duk duniya ba mai shi."

Guɗa ta taso mani har maƙogwaro. Sai da na toshe baki da gefen zane, don mai takaba ba ta guɗa.

Shekara ashirin da ɗaya muna sana'ar aya, ni da maigidana Malam Gazali. Ni ke wankewa in soya, in daka dakuwa, in kai niƙa a yi gari. Shi ke ɗaurawa bayan moto, babur ɗinsa, ya kai kasuwar Kona da Bawdeta da Mayahi. Ya daɗe yana cewa wata rana sai sunanmu ya hau intanet, mutanen Yamai su sayi dakuwarmu suna zaune cikin gidajensu. Nakan yi mashi dariya in ce, "Malam, kai da ko saƙo ba ka rubutawa sai vokal, ka aiko da murya?" Ya ce in jira in gani. Zazzaɓi ya kwantar da shi cikin damina, kwana huɗu Allah ya karɓi abinsa.

Samira ta zauna bakin tabarmata ta ce abin kamar kama rumfa ne a kasuwa. Kafin a kafa shafi sai an kama sunansa wajen wani kamfani, a rubuta mai shi, don kada wani ya riga ka. Ta fara karanto mani tambayoyin tana juya su da Hausa.

"Sunan mai shi."

"Sa Ramlatu, matar marigayi Malam Gazali. Kada ki bar marigayin, a san nashi ne."

Ta rubuta. "Lambar waya. In sa tawa?"

"Taki ta mi? Ta Malam za ki sa. Ita duk masu sayen aya suka sani."

"To, titi da lambar gida."

Nan muka kalli juna. Gidanmu ba ya da lamba, lungunmu ba ya da suna. Na ce ta rubuta yadda muke yi wa baƙo kwatance: Tasawa, bayan tashar Mayahi, a wuce injin niƙa, gida mai shuɗiyar ƙofa, a yi sallama da ƙarfi don zauren da nisa. Samira tana dariya har da riƙe ciki, amma ta rubuta shi duka, sai da ta raba shi layi biyu.

Can ƙasa akwai wani ɗan akwati. Ta ce in aka taɓa shi, kamfanin zai ɓoye suna da lamba da adireshi.

Na ce, "A ɓoye? Mun yi shekara ashirin muna neman a san mu, yau mun samu, ki ce a ɓoye? Mai son aya ta ina zai same mu?"

"Inna, ba nan masu saye ke dubawa ba."

"Ke dai bar shi a buɗe."

Ta bari. Laifina ne, ba nata ba. Ta danna, muka jira rezon intanet ya yi ta juyi, sai ga rubutu kore ya fito. Sunan ya zama namu. Ranar ban iya cin tuwo ba don murna. Na yi ta zagaya tsakar gida ina cewa a raina, Malam, ka gani, ya hau.

Litinin Samira ta koma Maradi. Talata da hantsi wayar Malam ta yi kuka, lambar da ban taɓa ganin mai tsawonta ba. Na ɗauka, namiji ne, yana ta zuba Faransanci. Ni kuwa aji uku na yi a lakkol, ban tsinci komi ba sai "Madam Gazali". Na leƙa ta katanga na kira maƙwabciyata Hindatu, wadda ke taya ni daka.

"Hindatu, sun fara! Daga ƙasar waje!"

Kafin azahar an kira sau huɗu. Na ce wa Hindatu ta kwance buhu, mu wanke aya, kada mutane su zo mu ji kunya. Muka wanke rabin buhu muka shanya, tsakar gida duk ta cika, ko wurin taka ƙafa babu.

Laraba da aka sake kira na miƙa wa Hindatu, don ita ta kai koleji. Ta saurara, ta saurara, sai na ga ta yamutsa fuska.

"Yaya Ramlatu, wannan ba saye zai yi ba. Sayarwa zai yi. Wai zai gyara maki shafi ya yi kyau."

"To na jiya fa?"

"Ina jin duk kanwar ja ce."

Wanda ya kira bayansa ya ce wai za a ƙwace sunan in ba mu karanto mashi wasu lambobi da za su shigo wayar ba. Hindatu ta kashe. Ban karaya ba. Na ce cikin goma ai ba a rasa mai son dakuwa ɗaya.

Ran Asabar Yaya Tanko ya zo daga Kona, wan Malam ne uwa ɗaya uba ɗaya, shi ne babba a gidansu yanzu. Ya kawo mani damin gero biyu. Yana zaune bakin rumfa muna gaisawa, ni ina daga ciki, wayar ta yi kuka sau uku. Na ukun na ɗauka, kuma wayar Malam in an ɗauka kowa na ji, haka ya saita ta saboda ƙarar moto.

Wannan Bahaushe ne, muryarsa a kwance. "Hajiya Ramlatu? Ya haƙuri? Allah ya ji ƙan Malam Gazali. Mu ƙungiya ce mai taimakon matan da mazansu suka rasu. Gida mai shuɗiyar ƙofa ne ko, bayan injin niƙa? Ke kaɗai ce a gidan? Za mu shigo mu ɗauki hoton takardunki."

Na kashe.

Yaya Tanko ya juyo wajen da nake. Sannan ya ce, "Ramlatu, wane ne wannan?"

"Wallahi ban san shi ba, Yaya."

"Ba ki san shi ba, ya san launin ƙofarki? Kina cikin takabar ƙanena, maza na kiranki safe da rana?" Bai ɗaga murya ba, shi ba mai faɗa ba ne. "Ba zarginki nake ba. Amma bakin mutane fa? Juma'a zan dawo. In wayar nan ba ta bar kukan baƙi ba, zan tafi da ita Kona, ta zauna cikin akwatina har ki fita."

Abin da bai sani ba, kuma na ji nauyin faɗa mashi, muryar Malam tana cikin wayar nan. Duk vokal ɗin da ya aiko mani daga kasuwanni suna ciki, tawa wayar ta faɗa randa tun bara ta mutu da nata. Kullum in na idar da walaha nakan kunna ɗaya, ɗaya tak, in ajiye. Wata biyu da 'yan kwanaki suka rage mani a takaba, ban ga yadda zan yi su wayar tana Kona ba.

Na kira Samira na faɗa mata duka. Ta ce, "Inna, ɗan akwatin nan ne." Ba ta ƙara da cewa ai ta faɗa mani ba, Allah ya yi mata albarka. Ta ce aiki ya riƙe ta, kuma tana so a yi shi gabana, ran Alhamis za ta shigo motar safe.

Da ta iso ko ruwa ba ta sha ba ta buɗe ordinatar. Ta ce in matso in ga abin da duniya ke gani. Akwai wani wuri da kowa, ko a ina yake, in ya rubuta sunan shafi zai ga mai shi. Ta rubuta namu. Ga ni nan kwance a fili: Ramlatu matar marigayi, lambar Malam, injin niƙa, shuɗiyar ƙofa.

"Har da a yi sallama da ƙarfi?"

"Har da shi, Inna. Wani yana can ƙasar Sin ya san zaurenmu da nisa."

Hindatu ta fashe da dariya har ta zauna cikin ayar da muka shanya. Ni ma na yi, ina yi ina share hawaye.

"To taɓa akwatin! Taɓa shi maza!"

Ta shiga wajen kamfanin, ta nemo shi, ta taɓa. Ta ce sai mun ɗan jira. Ban iya zama ba. Na hura wuta na ɗora kasko na fara suyar aya, ina yi ina leƙo ta. Da la'asar ta ƙwala mani kira. Na zo da ludayi a hannu. Ta sake rubuta sunan shafin, sai ga wani suna daban, da wata lamba, da adireshin wani gari da ban iya faɗa ba. Ba Ramlatu, ba ƙofa.

"Sun ƙwace mana?"

"A'a, namu ne har gobe. Kamfanin ne ya tsaya a gaba. Mai magana ya faɗa masu, su miƙo mana."

"Au, zaure suka yi mana."

"Zaure, Inna. Masu saye kuma na yi masu wurin ajiye saƙo a shafin, yana zuwa wajena." Sai ta rage murya. "Amma waɗanda suka riga suka kwafi lambar, su ba za su bari yau ba. Sai a hankali."

Wannan maganar ita ta tsaya mani.

Juma'a bayan an sauko masallaci Yaya Tanko ya yi sallama. Samira ta shimfiɗa mashi tabarma, ta nuna mashi kafin da bayan, don ta ɗauki hoton na farkon. Ya sa tabarau ya duba, ya gyaɗa kai da maganar zaure. Ya ce a ajiye wayar a gabansa. Na ɗora ta kan faifai. Muka zauna mu huɗu da Hindatu muna kallon waya kamar masu jiran tukunya ta tafasa.

Ta yi shiru har inuwa ta kai bakin rijiya. Na fara jin daɗi. Sai ta yi kuka.

Yaya Tanko ya ɗauka da kansa. Faransanci ya zubo. Ya saurara kaɗan ya ce da ƙarfi, "Kai, bawan Allah, aya za ka saya ko surutu?" Aka kashe daga can. Hindatu ta juya baya kafaɗunta na rawa.

Shi bai yi dariya ba. Ya juya wayar a hannu, ya buɗe aljihun rigarsa.

Na ce, "Yaya, kafin ka sa ta, ka ba ni in jiyar da kai wani abu."

Ya miƙo. Na nemo na watan azumi na kunna. Ƙarar kasuwa ta fito, da kukan akuya, sannan shi.

"Ramlatu, ina Kona, taya ta yi faci. Kada ki jira ni da shan ruwa, zan sha gidan Yaya. Dakuwar ta ƙare tun azahar, na ɓoye mashi ƙulli biyu, kin san shi da kwaɗayi, in ban kai ba sai ya yi mani fushi."

Yaya Tanko ya cire tabarau. Ya daɗe yana goge su da bakin riga.

"Ƙulli ɗaya ya kawo mani," ya ce. "Ashe ya cinye ɗayan a hanya."

Ya ce in sake kunnawa. Na sake. Da ta ƙare ya tura faifan gabana da yatsa.

"Riƙe abinki. Lambar da ba ki sani ba kada ki ɗauka. Samira, mai cewa zai zo ɗaukar hoto fa?"

"Na toshe lambarsa, Baba Tanko."

"Kin toshe lamba, ƙofar fa? Ai ya san ta."

Ya tashi ya fita bai ce ina za shi ba. Ba a jima ba muka ji motsi a waje. Samira ta leƙa ta dawo tana dariya ba sauti. Wai ya je tasha ya samo ragowar fenti wajen masu gyaran mota, ya naɗe hannun riga yana shafa wa ƙofarmu. Ja wur, irin na motar kashe gobara.

Yana cikin shafawa wayar Samira ta yi ƙara. Ta duba, ta sake dubawa, ta kama hannuna.

"Inna, saƙo ta shafin! Wata Ikram ce daga Damagaram, tana da shago. Tana tambaya ko muna aika garin aya a mota, kuma ko dakuwar mai yaji ce."

Wannan karon zanen bai kai bakina da wuri ba, rabin guɗar ta fita. Daga waje Yaya Tanko ya yi gyaran murya, ya ci gaba da fentinsa.

Na ce, "Ce mata akwai mai yaji akwai marar yaji. Hindatu, tashi, jawo turmi."