Kujerar Threlkeld

A tsohuwar jami'ar nan, kusan kowace kujerar farfesa mamaci ne ke riƙe da ita. Attajiri kan bar wakafi a ci gaba da ɗaukar nauyin malami ɗaya har abada, sannan ya kafa sharaɗin da ya ga dama. Josiah Threlkeld, mai gonakin rake a tsibirin Barbados, nasa sharaɗin na son yabo ne: duk wanda aka zaɓa sai ya tsaya ƙarƙashin hotonsa ranar walima, ya ɗaga kofin azurfa, ya gode masa da babbar murya. Wanda ya ƙi, kujera ta wuce shi.

Dakta Verona Alleyne ta fi kowa sanin mutumin. Ita ta rubuta tarihin kujerar, har da bayin da suka ƙare a cikin raken, kuma ita ma 'yar tsibirin ce. Ga shi yanzu ita aka zaɓa.

Ta sami shugaban kwalejin, tsoho Wetherall, yana shafa wa burodi man shanu.

"Ranka ya daɗe, babu yadda za a tsallake godiyar nan?"

"Haba, Dakta, minti ɗaya ne fa. Nawa mamacin ma ɓarawon filaye ne, na gode masa, ban mutu ba. In kin ƙi, Fairclough na nan, tuni ya goge takalmi."

Fairclough shi ne abokin takararta, wanda ke kiran bincikenta tonon silili. In ya hau, ɗalibanta sai su nemi wani gari.

Ranar walima ta miƙe cikin doguwar riga ja, ta ɗaga kofin, ta faɗi kalmomin ba gargada. Aka yi ta tafi. Naman ragon da aka kawo, ko taɓa shi ba ta yi ba.

Da ta fito farfajiya ta kira mahaifiyarta a waya.

"Mama, an gama. Na samu."

"Madalla, 'yata. To yanzu me za a riƙa ce miki?"

"A nan da sunan mai kujera ake kiran mutum. Farfesar Threlkeld."

Sai tsohuwar ta ce:

"Ban taɓa gaya miki ba. Da wannan sunan aka haifi kakanki, don jikan bayinsa ne. Sai da ya yi ta zarya kotu, ƙafa ba takalmi, kafin ya cire mana shi."