Kwakwar Mista Bethel da Sunan Tarayya

Da Turawan Ingila suka gaji da tsibiran nan uku, sai Gwamna ya tara manyan tsibiran ya ce su haɗe su zama ƙasa ɗaya, ko a samu wanda za a miƙa wa mulki a huta. Ba wanda ya ƙi. Mutanen Sent Oban, babban tsibiri, sun yarda don suna ganin sun tsinci barori a ɓagas. Mutanen Bonavis kuwa ko me aka kawo yarda suke yi, muddin akwai abinci a wurin taron. Su ko mutanen Ti Rosh, ɗan dutsen da akuya ke zagaye shi kafin ta ji ƙishirwa, ba a ma tambaye su ba. Abu ɗaya ya rage, sunan da za a raɗa wa tarayyar, kuma a nan aka ga iyakar hankalin manya.

Wakilin Ti Rosh a kwamitin suna shi ne Mista Ignatius Bethel, mai kantin igiya da kwalta, gajere mai tumbi, mai gashin baki da yake shafe shi da man kwakwa kowace safiya. Ba shi da mugunta, sai dai cikinsa ba ya riƙe magana. Ranar da zai tafi taron farko ya haye gangar kifi a bakin tashar jiragen ruwa, ya nuna gidansa da sanda.

"Kun ga kwakwar can ta ƙofar gidana? A gindinta uwata ta binne cibiyata. In aka raɗa wa ƙasar nan suna ba Ti Rosh a gaba, ku zo da adda ku sare ta!"

Mata suka dafe ƙirji. A Ti Rosh ba a wasa da wannan. Bishiyar cibiyar mutum ita ce shaidar cewa shi ɗan gida ne, wanda aka sare tasa kuwa ya zama baƙo, ko da kakansa ne ya share filin coci. Matarsa, Ma Filomen, tana tsaye a baya riƙe da jakarsa, ta yi tsaki ta miƙa masa.

Aka shiga zaman kwamiti a benen kotu a Sent Oban. Damina ta zo ta wuce ana abu ɗaya. Wakilin Bonavis ya ce a gutsuro kaɗan-kaɗan daga sunan kowane tsibiri a haɗa. Aka haɗa, ya fito kamar sunan maganin tari, kuma aka kwana biyu ana faɗa a kan wanda gutsurensa zai zo farko. Wani shugaban makaranta ya ce a ɗauki sunan mutanen farko da suka zauna a tsibiran kafin zuwan Turawa. Kowa ya yi tafi, sannan kowa ya tuna ba ya son a ce daga daji ya fito. Wani ya ce a sa sunan Sarauniya, wai ko ta ji daɗi ta ƙara kuɗin ayaba. Da rana ta yi tsaka sai a kawo soyayyen kifi da burodi, a ci a share baki, a ce an samu ci gaba.

Wanda ya fi ƙona wa Mista Bethel rai shi ne wakilin Sent Oban, Lauya Aubrey Gittens. Shekarun da ya yi a Landan ba su taka kara sun karya ba, amma tun da ya dawo kwat ɗin ulu yake sawa a cikin wannan zafi, gumi na bin wuyansa yana cewa ya saba da sanyi. Kowa ya san uwarsa 'yar Ti Rosh ce mai tallan busasshen kifi, kuma ta ƙofar baya take shiga gidansa. Shi suna ɗaya ya riƙe tun ranar farko.

"Sent Oban da 'Yan Rakiyarta," in ji shi, yana duba faratansa. "Gajere ne, kuma gaskiya ce."

"'Yan rakiyar uwar wa?" Mista Bethel ya buga tebur. "Mu da muke ƙera jiragen da kuke hawa? In ba don mu ba, da iyo za ku riƙa zuwa kasuwa!"

"A zauna, Mista Bethel. Teburin ya fi tsibirinku faɗi, kada ka ɓata a kansa."

Daga maganar jirgin nan dabara ta faɗo masa. A lokacin gwamnati ta sa ana ƙera babban jirgin ruwa na katako a gaɓar Ti Rosh, wanda zai riƙa jigilar mutane da kaya tsakanin tsibiran. Mista Bethel ya miƙe ya ce tunda baki ya kasa, a bar wa al'ada. A Ti Rosh uban suna ne ke zaɓar sunan jirgi shi kaɗai. A ɗinka sunan a jikin tuta, a nannaɗe ta a kan sanda, ba mai ji ba mai gani sai ranar da za a tura jirgi cikin teku. Duk sunan da ya fito a tutar, shi ne na jirgin, shi ne na tarayya. Uban suna kuwa dole ɗan tsibirin da aka ƙera jirgin ne, kuma ba sai an wahala wajen neman wanda ya cancanta ba.

Ya zaci za a yi masa ca. Gwamna dai ya riga ya ƙosa, ya ce ko sunan jaki aka sa shi ya amince. Wakilin Bonavis ya tambaya ko za a yanka akuya, aka ce masa har da tunkiya, ya ɗaga hannu. Lauya Gittens ya ƙura wa bakin Mista Bethel ido.

"Na yarda," ya ce. "Alfarma ɗaya nake roƙo. A bar matata ta zama uwar suna."

Mista Bethel ya danne dariya da ƙyar. Uwar suna ai kwalba kawai take fasawa a goshin jirgi. Wato duk karatun Landan ɗin, a kan fasa kwalba ya sayar da ƙasa! Ya koma gida yana hura hanci, ya sa Ma Filomen ta rufe tagogi, ya raɗa mata sunan a kunne: Tarayyar Ti Rosh. Ita ta ɗinka shi da jan ƙyalle a kan farin yadi, ta nannaɗe ta ɗaure.

"Ignatius," ta ce, "ni dai bakina ɗinke yake kamar tutar nan. Naka nake jin tsoro. Ka san abin da ake yi in suna ya fita kafin ranar. Ƙona tuta ake yi, uwar suna ta raɗa sabo nan take. Kai ka mance, amma ɗan mai busasshen kifi bai mance ba."

"Wancan? Wanda ke ɓoye uwarsa a kicin? Ina ya san al'ada!"

"Daga kicin ɗin ya ji ta."

Ya ce mata ta cika baƙin baki. Amma kwanakin da suka biyo baya sun zame masa azaba. Yana tafe yana murmushi shi kaɗai kamar mai ƙaiƙayi a inda ba a sosawa a gaban mutane. Ko wanda ya zo sayen ƙusa sai ya ce masa, "Kada ka tambaye ni, ba zan faɗa ba," alhali mutumin bai tambaya ba.

Ana gobe biki manyan baƙi suka sauka. Da hantsi Mista Bethel ya shiga shagon giya na bakin tasha, ya tarar da shi maƙil da masunta da kafintoci, ga Lauya Gittens a tsakiya da kwat ɗinsa, yana saya wa kowa giyar rake, abin da bai taɓa yi ba tun da aka haife shi.

"Ga uban ƙasa!" Lauya ya ɗaga kofi. "Zo mu sha, kompe, abokina. Ni fa na gode maka. Labari ya iso mu cewa ka yi hankali."

"Wane hankali?"

"Haba, mu ma muna da kunne. An ce da ka zauna ka yi tunani, ka ga dutsen awaki ba zai ɗauki sunan ƙasa ba, sai ka sa Sent Oban. Ba abin kunya ba ne. Kowa ya san girman kansa."

Wani masunci ya aje kofinsa ya ce, "Mista Bethel, da gaske ne? Sayar da mu ka yi?"

"Ƙarya yake yi!"

"To ai shi ke nan," in ji Lauya. "Gobe ma gani. Sai dai ina jin tausayin kwakwar nan, ga ta da 'ya'ya."

Aka tuntsire da dariya. Jini ya hau wa Mista Bethel kai. Kwana ɗaya tak ya rage masa ya yi shiru ya ci ƙasa, amma a yi masa dariya a gaban waɗanda yake bi bashin gaisuwa? Ya haye kujera, gashin baki na rawa.

"Tarayyar Ti Rosh! Abin da ke jikin tutar ke nan, da jan ƙyalle, kowane harafi kamar hannuna! Ka je ka faɗa wa uwarka, in ka tuna ƙofar da take shiga!"

Ba wanda ya yi tafi. Masunta suka sunkuyar da kai, wani ya yi alamar gicciye a ƙirjinsa. Lauya Gittens ya shanye abin da ke kofinsa, ya goge baki da hankici, ya ce rana ta yi, bari ya je ya huta.

Washegari gaɓa ta cika. An yanka akuya an zuba jininta a kan katakon jirgin, Fada, limamin coci, ya yayyafa ruwa mai tsarki, tukwanen tuwon masara da kuɓewa na tafasa, mata na waƙar jan igiya. Mista Bethel ya zo cikin farar kwat yana rungume da tutarsa, yana ta faɗa wa kansa cewa zamani ya canza, ga Gwamna ga 'yan jarida, wa zai tsaya kan maganar shagon giya? Ya nufi tsani zai hau, sai Pa Zefirin, tsohon da ya jagoranci ƙera jirgin, ya tare shi.

"Kawo ta, Ignatius."

"Pa Zefirin, ka dubi Allah. Wannan ba jirgi ba ne kawai, ƙasa ce! In ka ƙona ta mun zama bayin mutanen can!"

"Ni ƙasa ban taɓa ganin ta nutse da mutum ba. Jirgi kuwa na gani. 'Ya'yana biyu za su yi aiki a cikinsa, ba zan tura su teku da sunan da ya kwana a bakin mashaya ba."

"Ku yi magana mana!" Ya juya ga jama'a. "Sunanku ne fa a ciki!"

"Mun ji shi jiya," in ji wata mai tallan kifi. "Yana da daɗi. Ba da tutar, tuwo na hucewa."

Aka zare ta daga hannunsa aka cusa a murhun da ake dafa akuya. Ma Filomen ta tsaya tana kallon ɗinkinta na cin wuta, ba ta ko dubi mijinta ba. Aka kamo hannun Madam Gittens aka hau da ita, doguwar mace mai hula kamar faifai, wadda tun da ta sauka take toshe hanci da hankici. Ta riƙe kwalbar da yatsu biyu, ta dubi mijinta, ya gyaɗa kai.

"Sent Oban da 'Yan Rakiyarta," ta ce da siririyar murya, ta fasa kwalbar.

Abin takaici, gaɓa ta ɗauka da sowa. 'Yan Ti Rosh suka yi ta tsalle suna rungumar juna, don jirgi ya sami suna mai tsabta, ba wanda ya taɓa jin sa a bakin uwar suna. Wakilin Bonavis ya yi tafi da ƙashin akuya a hannu. Gwamna ya duba agogo. Aka sare sandunan da suka tokare jirgin, aka kama igiya, 'yan rakiya suka ja da ƙarfinsu duka suna waƙa.

Jirgin ya gangaro a kan gumaguman da aka jera masa, yana ƙara, har ya kusa ruwa, sai ya tsaya cak. Ya fi duk wanda aka taɓa ƙerawa a tsibirin tsawo, gumaguman sun ƙare, goshinsa ya kafe a yashi. Aka ja, aka tura, aka zagi juna, ko gezau. Ga ruwa ya fara janyewa.

"Gungume ɗaya nake nema," in ji Pa Zefirin. "Dogo, miƙaƙƙe. Yanzun nan."

A Ti Rosh itace ba ya yawa, duk mai kyau ya riga ya shiga jikin jirgin. Aka yi ta waige-waige. Sai masuncin nan na shagon giya ya ɗaga kai ya dubi tudu, sannan ya dubi Mista Bethel.

"Ai akwai wanda ya yi mana alkawarin bishiya."

Mista Bethel ya ɗaga kai ya dubi kwakwar ƙofar gidansa. Ya zauna a kan gangar kifin da ya hau ranar rantsuwa. Daga nan yana jin saran adda, yana ganin kan kwakwar na girgiza, har ta kwanta. Matasa suka saɓo ta a kafaɗa suka wuce ta gabansa, ɗaya ma ya ce, "Gafara dai, baƙo." Aka cusa ta ƙarƙashin goshin jirgin, aka sake kama waƙa.

Jirgin ya hau kanta, ya murƙushe ta cikin yashi, ya faɗa teku lafiya lau.