Ramin Yumɓun Magdalena

Har yanzu akwai jan yumɓu a ƙarƙashin farcen Magdalena Yamusa, duk da sabulun da ta ƙarar kafin ta baro Ushafa da asuba. Ta ɗora hannuwan a kan cinyarta, tana kallon leɓen Mai Shari'a yana motsi da Turanci. Kusa da ita Barista Bilqis, lauyarta ta yanzu, tana rubutu ba ta ɗago kai ba.

A ɗaya gefen Barista Obadiah yake zaune, yau a matsayin wanda ake ƙara. Shi ta fara ɗauka lokacin da wani kamfanin gina gidaje ya kewaye ramin da take haƙar yumɓu, ramin da uwarta da kakarta suka haƙa. Tun ranar farko ya gargaɗe ta cewa kotu ba kasuwa ba ce, kada ta kuskura ta buɗe baki sai ya ba ta izini. Ta riƙe maganar kamar yadda take riƙe maganar fasto. Ranar da aka kira shari'ar yana wata kotu a Kubwa, bai kuma turo kowa ba. Magatakarda ya kira sunanta da ƙarfi, ta ji, ta dubi ƙofa tana jiran lauyanta. Aka rubuta cewa mai ƙara ba ta zo ba, aka kori ƙarar. Obadiah ya ci gaba da ce mata an ɗage ne, har katanga ta tashi.

Mai Shari'a ya rufe fayil, kowa ya miƙe ya sunkuya. A barandar waje Bilqis ta kama hannunta.

"Mama, alhamdu lillahi, mun yi nasara. Kotu ta ce ya yi sakaci, ya kuma ɓoye miki gaskiya. Zai biya ki diyya."

"To, madalla. Yaushe za su buɗe geti?"

Bilqis ta gyara mayafinta. "Wannan shari'ar tsakaninki da lauya ce, Mama. Ta fili daban."

"To a koma ta fili."

"Lokacin da doka ta bayar ya wuce. Kuma an riga an zuba siminti."

"Wa ya wuce da lokacin? Ni ina zaune a ciki fa! Benci na uku, da wannan zani."

"Mai Shari'a ya ambaci hakan. Shi ya sa ma ya rage diyyar. Ya ce da kin tashi kin amsa."

Magdalena ta zare hannunta a hankali. "Oga ya ce kar in yi magana, ban yi ba. Yanzu shi ma laifi ne?"

Obadiah ya fito, rigar lauya a kafaɗarsa, waya a kunne. Ya tsaya ya jinjina wa Bilqis, ya ce ta yi ƙoƙari, sai sun haɗu a kotun ɗaukaka ƙara. Sannan ya rusuna kaɗan. "Mama, ya gida? Ya tukwane?" Bai jira amsa ba ya sauka matakala.

Daga masallacin harabar aka kira azahar. Bilqis ta dubi agogo, amma ta kasa tafiya.

"Da diyyar za ki iya sayen yumɓu, Mama. Tifa guda ma."

"Na gwada na tifa. Yashi ya yi masa yawa. Randa tana shiga wuta lafiya, ta fito da tsaga." Ta rage murya. "Bayan gidajen akwai ɗan wuri da ba su taɓa ba, wajen kwata. Ki roƙe su. Ko kwando ɗaya a sati."

"Zan rubuta musu takarda."

"Za su amsa?"



Magdalena ta saɓa jakarta a kafaɗa, ta tambayi mai gadi inda ake shiga motar Bwari.